Labarin Zuciya a Tambayi Fuska? Sharhi Kan Karatun Motsin Jiki a Ganawar Ɗaukar Aiki ta Bidiyo

Tun bayan annobar korona ta shekarar 2020 wata sabuwar al'ada ta shigo harkar neman aiki a ƙasar Adar. A da, wanda ya ajiye dosiyensa a wata ma'aikata, in an zaɓe shi, sai ya shiga mota zuwa Tawa ko Yamai, ya sauka gidan ɗan uwa, washegari ya je ya zauna gaban masu tambaya. Yanzu kuwa ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa da yawa sukan aiko da saƙo ne kawai: ranar kaza, ƙarfe kaza, za a gana ta Zoom ko Teams ko WhatsApp. Babu mai musun sauƙin da aka samu, domin ɗan talaka na Keita ko Buza ko Madawa ya huta da kuɗin mota da na guzuri. Sai dai tare da wannan sauƙi an shigo da wani kaya da ya kamata a kwance a duba, wato da'awar cewa mai ɗaukar aiki yana iya karanta halin mutum daga yadda yake zama da kallo da motsa hannu a cikin ɗan akwatin hoton da ke gabansa.

A ƙaddara wata budurwa ce ƴar Tamaske, ta gama karatun lissafin kuɗi a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da sakamako mai kyau. Ta ari kwamfuta, ta nemi ɗakin da rezo ya fi ƙarfi, ta gyara lulluɓinta ta zauna. Mutum uku suka bayyana a allo, dukansu sun girme ta, biyu maza ne. Ta gaishe su, ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwanta a kan cinya, ta riƙa amsa tambaya da murya ƙasa-ƙasa, ba ta katse kowa ba. A gidansu wannan shi ne cikar tarbiyya. A takardar da masu tambayar ke cikawa kuwa, mai yiwuwa ne a rubuta cewa ba ta yarda da kanta ba, ko tana ɓoye wani abu. Wannan sharhi zai duba inda irin wannan hukunci ya samo asali, da ko yana da ƙafafun tsayawa, da kuma abin da ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu.

Littattafan da suka yaɗa wannan karatu

Ilimin da ake kira «harshen jiki» ya shiga hannun jama'a ne ta wasu littattafai da suka yi kasuwa ƙwarai. Akwai na Allan Pease, mutumin Ostareliya, mai suna Body Language, wanda ya fito a 1981. A ɓangaren Faransanci akwai na Joseph Messinger, Ces gestes qui vous trahissent, ma'ana motsin da ke tona asirin mai yin sa, da kuma rubuce-rubucen Philippe Turchet kan abin da ya raɗa wa suna «synergologie». A 2008 Joe Navarro, tsohon jami'in hukumar FBI ta Amurka, ya fitar da What Every Body Is Saying. Daga waɗannan ne masu horar da ma'aikata suke tsakuro darussan da ake ji a tarurrukan ƙara wa juna sani, ake kuma turawa a wayoyi.

Tsarin yawancin littattafan nan tsarin ƙamus ne. Kowane motsi an ba shi fassara: wanda ya harɗe hannu a ƙirji ya rufe zuciyarsa, wanda ya taɓa hanci yana iya zama ƙarya yake shirgawa, wanda ya kau da ido akwai abin da yake gudu. Daɗin karatu gare su, domin suna yi wa mai karatu alkawarin abin da kowa ke kwaɗayi, wato ya ga cikin mutum ba tare da ya sha wahalar zama da shi ba. Adalci ne a ce ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Navarro, alal misali, ya ja kunnen masu karatu cewa babu wani motsi guda da ke tabbatar da ƙarya, kuma sai an san yadda mutum yake a zamansa na yau da kullum kafin a ce ya sauya. Abin takaici, irin wannan gargaɗi shi ne farkon abin da ke zubewa a hanya idan aka taƙaita littafi zuwa shafi guda na «shawarwari goma».

Kwaɗayin nan tsoho ne. Malaman Larabawa sun yi rubutu kan firasa, har Fakhruddin Arrazi ya keɓe mata littafi. A Turai, Lavater ya cika kundaye a ƙarni na 18 kan karanta hali daga siffar fuska, Lombroso kuma ya yi da'awa a 1876 cewa ana gane ɓarawo da mai kisan kai daga ƙirar kansa da muƙamuƙinsa. A Faransa likita Louis Corman ya ƙirƙiro «morphopsychologie» a 1937, kuma kamfanonin ƙasar sun daɗe suna tantance masu neman aiki ta hanyar duba rubutun hannunsu. Bahaushe ma ba a bar shi a baya ba: mata nawa aka ƙi aura saboda an ce suna da farar ƙafa? Kowane zamani da tufafin da yake sanya wa wannan camfi. Na wannan zamani su ne alƙaluman lissafi da kyamara.

Lissafin 7 da 38 da 55

Da wuya a yi taron horo kan sadarwa a tashi ba a ambaci wannan lissafi ba: wai kalmomi kashi 7 cikin 100 kawai suke ɗauka na saƙo, murya kashi 38, fuska da jiki kashi 55. Asalinsa wasu ƙananan gwaje-gwaje biyu ne da Albert Mehrabian, malami a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 1967. An sa wasu mata ƙalilan su saurari kalma ɗaya tak, ana furta ta da murya iri-iri, a wani gwajin kuma ana nuna musu hoton fuska, sannan su faɗi ko mai maganar tana ƙaunar wanda take yi wa magana ko ba ta ƙaunarsa. Iyakar abin ke nan. Shi kansa Mehrabian ya sha bayyana cewa lissafinsa bai shafi kowace irin magana ba, ya tsaya ne ga lokacin da mutum ke faɗin abin da yake ji a ransa alhali muryarsa ko fuskarsa na saɓa wa bakinsa.

Ba sai an je jami'a ba kafin a gane raunin yadda ake amfani da shi. Manomin Garhanga da ke rataye da rediyo yana sauraron Muryar Sahel ko sashen Hausa na BBC bai taɓa ganin fuskar mai karanta labarai ba, amma babu abin da ke wuce shi. Da kalmomi kashi 7 ne kawai, da ɗalibin aji shida bai buƙaci shekaru yana fama da nahawun Faransanci ba, kallon bakin mushe ya ishe shi.

Batun gane maƙaryaci ma haka yake. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo suka tattara sakamakon bincike fiye da 200, suka tarar cewa idan aka ce mutane su bambance mai gaskiya da mai ƙarya, suna dacewa ne sau 54 cikin 100, alhali mai jefa kwabo sama yana dacewa sau 50. A shekarar nan dai wani binciken da Bond ya jagoranta a ƙasashe 75 ya nuna cewa alamar ƙarya da mutanen duniya suka fi yin imani da ita ita ce kau da ido. Amma wani babban nazari da DePaulo da abokan aikinta suka fitar a 2003 bai sami wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin kau da ido da yin ƙarya ba. Ke nan alamar da aka fi dogara da ita tana cikin waɗanda suka fi rashin amfani.

Fuska ma tana da karin harshe

Masu kare karatun fuska sukan kafa hujja da Charles Darwin, wanda ya yi littafi a 1872 kan yadda mutum da dabba ke bayyana abin da ke ransu, da kuma Paul Ekman, wanda ya je wurin ƙabilar Fore ta Papuwa Niugini a ƙarshen shekarun 1960 ya dawo da ra'ayin cewa fuskar murna da baƙin ciki da fushi da tsoro da ƙyama da mamaki ɗaya ce a duk duniya. Akwai gaskiya a ciki, domin murmushin jariri ba ya buƙatar tafinta. Sai dai binciken da ya biyo baya ya rage wa da'awar tsawo. A 2016 Carlos Crivelli da abokan aikinsa suka nuna wa matasan tsibiran Trobriand hoton fuskar da Turawa ke ɗauka ta tsoro, mai zare ido da buɗe baki, sai suka ce wannan fuskar barazana ce. A 2019 masana biyar ƙarƙashin jagorancin Lisa Feldman Barrett suka bi diddigin nazarce-nazarce sama da 1000, suka kammala da cewa ba a iya dogara da motsin fuska kaɗai a san abin da mutum ke ji. Ɗaure fuska, alal misali, bai wuce kashi 30 cikin 100 na lokutan da mutane ke fushi ba, kuma ana ɗaure ta don zurfin tunani ko ciwon ciki ko hasken rana.

Binciken da ya fi kusa da malamin harshe shi ne wanda Hillary Elfenbein da abokan aikinta suka wallafa a 2007. Sun kwatanta mutanen Kebek ta Kanada da na Gabon, dukansu masu jin Faransanci, suka tarar cewa kowane ɓangare yana da nasa salon nuna wasu abubuwa a fuska, kuma ya fi saurin gane salon gida. Suka kira abin karin harshe. Misalin ya dace da Bahaushe ƙwarai. Ba'adare da Bakano Hausa ɗaya suke yi, amma in Ba'adare ya ce zai tafi biɗa, Bakanon da bai saba ba sai ya tsaya tambaya. Wanda ya ci gyaran Adaranci da ma'aunin Kananci bai nuna ƙwarewa ba, ya nuna iyakar inda tafiyarsa ta tsaya. To haka mai tambayar da ke zaune a Paris ko Janeba, ko ma a wani ofishi na Yamai da ya haddace littafin Pease, yake yi wa fuskar ƴar Tamaske.

A nan ne ya kamata a sake duba karin maganar da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ce, amma wa ke tambayar? Uwa ce da ta ga ɗanta ya shigo ta san an ɓata masa rai, ko miji da matarsa, ko aminin shekara ashirin. Sun san fuskar jiya, shi ya sa suke gane ta yau. Karin maganar ba ta ba baƙon minti ashirin wannan izini ba. Hasali ma Hausawan da suka yi ta su ne suka ce a baki Musa a zuci Fir'auna, su ne kuma suka san dariyar da ake kira ta ciki na ciki.

Kunya da tsaurin ido da amawali

A laccarsa kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, kuma kunya da ladabi da haƙuri suna ciki, tare da gaskiya da amana. Kunya a nan tarbiyya ce da ake koyarwa tun daga goyo. Yaro ba ya ƙura wa babba ido, in ya yi a ce yana da tsaurin ido. Ana durƙusawa a gaida na gaba, ana tuɓe takalmi, ana karɓar abu da hannu biyu. Mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, suruki yana kauce wa hanyar surukarsa. Yabon kai jahilci ne, in ji masu iya magana, saboda haka wanda aka ce ya faɗi nagartarsa da bakinsa an sa shi a tsaka mai wuya. Addini ya ƙara wa abin ƙarfi, tunda ayoyi na 30 da 31 na Suratun Nur sun umarci maza da mata da runtse ido.

Gundumar Keita kuma ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Fulani suna da fulako, wanda ya hana mutum nuna yunwa ko zafi ko ɗoki a gaban jama'a. Abzinawa suna da abin da suke kira takarakit, kuma namijinsu yakan ja rawani ya rufe baki da hanci idan ya zo gaban wanda yake jin nauyi, abin da Robert Murphy ya yi nazari a kansa tun 1964. Sarakunan Hausa ma da amawali suke zaman fada. A wannan yanki, rufe fuska da taƙaita motsi alamar daraja ce. Ƙamus ɗin da ya fassara su da rashin gaskiya ya juya ma'anar ne gaba ɗaya.

Kada kuma a zarce a ce duk mai sunkuyar da kai mutumin kirki ne. Bahaushe ya san sumumu-ƙasau, ya san macijin ƙaiƙayi. Ɗaliban lise da suka karanta Tartuffe na Molière, wasan da aka fara nunawa a 1664, sun ga yadda munafuki ya ci gida guda da sunkuyar da kai da nuna tsoron Allah. A ɗaya gefen kuma ga Gizo na tatsuniya, wanda bai taɓa jin nauyin shiga fada ya dubi sarki ya shirga ƙarya ba. Da za a yi ganawa ta bidiyo a duniyar tatsuniya, Gizo ne zai tashi da maki mafi yawa. Darasin da ke ciki shi ne, kowane irin zama ana iya koyonsa a kwaikwaya, kuma mayaudari ya fi kowa himmar koyo.

Abin da kyamara ke ƙarawa

Ko da a ce karatun jiki yana da inganci idan ana zaune ido da ido, bidiyo yana lalata kayan aikin. Kyamara tana saman allo ne, fuskar mai tambaya kuma tana ƙasa da ita. Wanda ya dubi fuskar mai yi masa magana, a can sai a ga kamar ƙasa yake kallo. In yana son a ga yana kallon mutane, dole ya daina kallonsu ya dubi ɗan baƙin ramin gilashi. Har ta kai kamfanonin Apple da Nvidia sun fito da manhajar da ke gyara ƙwayar idon mutum a hoto don a ga kamar kyamara yake duba. Ke nan abin da ake kira alamar gaskiya ya zama abin da mai kwamfuta mai tsada ke kunnawa da maɓalli.

Sai kuma jinkirin rezo. A 2014 wasu masu bincike a Jamus, Katrin Schoenenberg da abokan aikinta, suka nuna cewa idan murya ta yi jinkirin daƙiƙa 1.2 a layi, mai sauraro yakan ɗora laifin a kan abokin maganarsa, ya ɗauke shi marar mai da hankali ko marar fara'a. Duk wanda ya taɓa kiran ɗan uwa ta bidiyo daga wani ƙauyen Ibohaman ya san jinkirin can ya wuce haka, hoto yakan daskare baki buɗe, murya ta riga leɓe ko ta biyo baya. Wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar amsa, kamar yadda aka sha fama bayan Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agusta na 2023. Mai waya a hannu hotonsa rawa yake yi. Wanda ya zauna taga na bayansa fuskarsa takan zama inuwa, kuma ƙananan kyamarori ba su cika fitar da baƙar fata da kyau ba a ɗaki mai duhu. Zufar watan Afrilu a Adar ba ta tsoro ba ce. Idan aka tattara waɗannan, za a ga mai tambaya yana zaton hali yake aunawa, alhali ƙarfin rezo da kuɗin waya da nisan gari daga babban birni yake aunawa.

Da aka miƙa wa na'ura alƙalanci

Wasu sun ce tunda ɗan Adam yana da son rai, a bar wa na'ura. Kamfanin HireVue na Amurka ya yi suna da manhajar da ke ɗaukar amsoshin mai neman aiki a bidiyo ta auna kalmominsa da muryarsa da motsin fuskarsa ta ba shi maki, kuma manyan kamfanoni irin su Unilever da Hilton sun yi aiki da shi. A watan Nuwamba na 2019 ƙungiyar EPIC mai kare sirrin jama'a ta kai ƙararsa gaban hukumar kula da kasuwanci ta Amurka. A watan Janairu na 2021 kamfanin ya sanar cewa ya daina auna fuska, yana mai cewa abin da take ƙarawa a kan kalmomin mutum kaɗan ne ƙwarai. A shekarar nan dai ƴan jaridar gidan rediyo da talabijin na jihar Bavariya ta Jamus suka gwada wata manhajar irin wannan. Suka sa mace ɗaya ta maimaita amsa ɗaya, sau ɗaya da tabarau, sau ɗaya da ɗankwali, sai makin halinta ya sauya. Ajiye kantar littattafai a bayan mutum, ko ƙara wa hoton haske, shi ma ya sauya sakamako.

Tun a 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin kamfanoni uku masu bambance fuskar namiji da ta mace, suka tarar kuskurensu bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba a kan fararen maza, amma ya kai kashi 34.7 a kan baƙaƙen mata. Na'urar da ta kasa wannan ƙaramin aiki ita ake so ta faɗi ko ƴar Tamaske tana da amana. Kamfanin Microsoft ya janye manhajarsa ta karanta yanayin zuciya a 2022. Tarayyar Turai kuma, a dokarta ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira, ta haramta amfani da na'ura don gano abin da ke ran mutum a wurin aiki da makaranta, haramcin da ya fara aiki ranar 2 ga Fabrairu 2025. Abin lura shi ne, abin da aka hana na'ura saboda rashin tushe, har yanzu ana koya wa mutane shi a ɗakunan horo. Kuma kayan da aka kora daga kasuwar Turai sun saba neman mafaka a kasuwannin Afirka. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma hoton fuska da muryar mai neman aiki suna cikin abin da ya cancanci wannan kariya.

Ma'aunin da Adar ta riga ta sani

Keita tana da nata darasi a kan wannan batu. Lokacin da aka fara babban shirin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO da abincin hukumar PAM, yunwa ta kori maza da yawa zuwa biɗa. Mata ne suka fi yawa a fagen aikin. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan fako da gangaren tudu don tare ruwa, suka haƙa ramuka, suka dasa miliyoyin itatuwa. Akasarinsu da za a zaunar da su gaban baƙo namiji a ce su bayyana nagartarsu, da rufe fuska za su yi da gefen zane. Aikinsu kuwa yana nan, ana ganinsa har a hotunan tauraron ɗan Adam.

Ƴan biɗa ma suna da tsarinsu. Saurayin da ya sauka Abijan ko Legas, maigidan da ya karɓe shi yakan fara ba shi ƙaramin kaya ya ga yadda zai dawo da ciniki, ya kuma tambayi ɗan wane ne, wa ya san shi. Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan yadda fataucin shanu da goro na dukiya mai yawa ya tsayu a kan lamunin masu gida. An ruwaito kuma cewa wani mutum ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, sai Umar ya ce wataƙila a masallaci ya gan shi yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, ya kuma shaida masa cewa bai san mutumin ba. Masana harkar ɗaukar ma'aikata sun iso wuri ɗaya ta wata hanyar: manyan nazarce-nazarcen Schmidt da Hunter na 1998 da na Sackett na 2022 sun sanya gwajin aiki na zahiri, da ganawar da ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a auna amsa da ma'auni ɗaya, cikin hanyoyin da suka fi nuna wanda zai iya aiki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan ba ya nufin tsarin gargajiya ba shi da aibi. Shaidar sani takan rikiɗe ta zama sanayya, a ɗauki ɗan wane a bar ɗan talaka. Maganinta shi ne gwaji a fili da ma'auni rubutacce, wanda malamai suka fi kowa sani, tunda a jarrabawar BEPC da ta bakaloriya ana rufe sunan ɗalibi kafin takardarsa ta isa hannun mai gyara. Wanda ya yarda a ɓoye suna don a yi adalci bai kamata ya yarda a ba ƙiftawar ido maki ba.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Malami ba zai jira duniya ta gyaru ba kafin ya shirya ɗalibansa, saboda haka ya koya musu wannan salo kamar yadda yake koya musu Faransanci, a matsayin harshen wasu da ake ara don biyan buƙata. Su san cewa kallon kyamara ba rashin kunya ba ne a wannan zama, su ɗora waya a kan abu mai ƙarfi daidai tsayin ido, haske ya zo ta gabansu, su ɗaga murya, su saba da faɗin aikin da suka yi da adadinsa ba tare da jin sun yi alfahari ba. In rezo ya yanke, su faɗa a fili, su nemi a maimaita tambaya ko a koma murya zalla. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu da gidajen matasa suna iya mai da wannan atisaye, ɗaya ya zama mai tambaya, ɗaya mai nema. Abin da bai halatta ba shi ne a ce wa yaro tarbiyyar gidansu ciwo ce da za a yi masa magani. Wanda ya iya Faransanci bai daina gaida mahaifinsa da Hausa ba.

Ƙungiyoyin al'adu da na malamai kuma suna da bakin da za su yi magana da masu ɗaukar aiki a jihar Tawa. Abin nema a bayyane yake: a cire layin «yanayin jiki» daga takardar ba da maki, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a ba da gwajin aiki, a sa wanda ya san al'adun yankin cikin masu tambaya, a ba mai nema damar kashe hoto in rezo ya yi rauni, a kuma sanar da shi in za a naɗi ganawar ko na'ura za ta duba ta. Tunda dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu laifi a nemi wanda zai yi aiki da manoman Adar ya amsa wasu tambayoyin da harshen da zai yi aikin da shi. Ita kuwa budurwar Tamaske, a miƙa mata littafin kuɗi mai kuskure a ciki, a ba ta rabin awa, a ga ko za ta gano shi.